Ƙasar da na rina da baba

Ina da shekara goma sha tara na ƙudura rubuta littafin yaƙi, kuma tun kafin in ɗora alƙalami na gindaya wa kaina sharaɗi: ba za a ga ɗan sarkin wata ƙasar Larabawa a ciki ba, ba kuma za a ga dogon gidan dutse irin na sarakunan Turai ba. Da littattafan yaƙi na tashi. Yayyena maza ke sayo su a bakin Bata a Kano ko su karɓo haya a unguwa, in sun gama in ɗauka. Har gobe ina ganin girman waɗanda suka rubuta su, domin su suka sa min son karatu. Abin da ya riƙa tsaya min a rai shi ne, yawanci labarin a can wata nahiya yake faruwa, ba a ganin mutanen ciki suna noma ko ciniki, kuma duk sa'ad da jarumi ya shiga tsaka mai wuya sai wani boka ko aljani ya ɓullo da sabon ƙarfin da ba a taɓa ambata ba. Ni kuwa a gindin Dala aka haife ni, dutsen da Tarihin Kano ya ce a kansa Barbushe mai kula da Tsumburbura yake zaune. Ban ga dalilin tafiya aro ba alhali kayan suna ƙofar gidanmu.

Labarin al'ajabi ba baƙo ba ne a rubutunmu. Tun gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da ƙagaggun littattafai na farko a boko, akwai aljanu da tafiye-tafiyen ban mamaki a cikin abin da malamanmu suka rubuta, kafin su kuma ga Gizo da Dodo a bakin kakanni. Abin da nake son ƙarawa shi ne ƙasa cikakkiya, mai kasuwa da haraji da rani da damina, wadda mai karatu zai tsaya a cikinta ya yi min gardama.

Tushen komai a marinar Ƙofar Mata na same shi. Mutanen wurin suna cewa tun 1498 ake rini a nan, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ke nan, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ramuka ne jere a ƙasa, kowanne ya fi tsayin mutum zurfi. Da yawa sun bushe an daina amfani da su, masu aiki kuma an kife musu murfin saƙa. Kafin ki ga ruwan, warinsa ne ke fara tarar ki, wani tsami-tsami mai kama maƙogwaro. Na tarar da wani dattijo zaune a bakin raminsa, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, sannu da aiki. Ina son in ga yadda ake haɗa ruwan ne."

"Daga jami'a aka aiko ki, 'yata?"

"A'a Baba, labari nake rubutawa."

"To zauna. Ki janye farin mayafin nan, in ya taɓa shi ke nan."

Ya lissafa min kayan haɗi, baba da toka da katsi, ya ce sai an bar su kwanaki suna ruɓa, ana motsawa da muciya, har kumfa ta taso sannan a san ruwa ya nuna. Sai ya ɗauki wani farin ƙyalle ya tsoma, ya jujjuya shi a ƙarƙashin ruwan, ya ɗago. Na zaci shuɗi zan gani. Kore-kore ya fito, mai ɗan rawaya. Ya ware shi a iska, ina kallo launin ya fara juyawa daga gefe yana cin tsakiya, har ƙyallen ya koma shuɗi gaba ɗaya. Ya sake tsomawa, ya sake shanyawa, kowane tsomi yana ƙara duhu. Matasan wurin safar roba suke sawa, shi kuwa faratansa da layukan tafinsa sun riga sun rine. Yana matse ƙyallen ya ce, "Ruwan nan rai gare shi. In kin matsa masa sai ya gaji, dole ki bar shi ya huta. In ya mutu kuwa sai a kwashe a sake sabo."

Da wannan na koma gida, kuma a kansa na kafa dokar ƙasata. A Birnin Makuba, marina suna iya rina alƙawari. In mutum biyu ko gari biyu suka ƙulla yarjejeniya, sai su kawo farin zane, marini ya tsoma shi suna faɗin abin da suka ɗauka wa juna. Muddin ana riƙe da alƙawarin, zanen na nan da duhunsa. Ranar da wani ya fara saɓawa, ko a ɓoye ne, sai zanen ya fara komawa kore daga gefe, kamar ana warware rinin. Shi kuma marini yana biya da idonsa. Duk babban rini yana ɗauke masa launi guda har abada: ja ne ke fara tafiya, sai rawaya, sai kore, daga ƙarshe shuɗin ma ya tafi ya bar shi cikin duhu. Kuma rinin ba ya kamawa sai marinin ya ga lokacin da kore ke juyewa shuɗi da idonsa, saboda haka wanda ya rasa kore ya gama aiki.

Na daɗe a kan wannan doka fiye da komai a littafin, domin na yi imani duk ƙarfin da ba a biyan kuɗinsa yana kashe tsoro a labari. In mai karatu ya san jaruma za ta iya kuɓuta kyauta, me zai hana shi barci? Amma in ya san launi biyu suka rage wa mahaifinta, kuma sarki na neman a rina masa alƙawarin aure, to lissafi zai riƙa yi tare da ni.

Da dokar ta zauna sai tambayoyi suka yi ta zubowa, na sayi babban littafin rubutu mai bangon kwali ina amsa su ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin marina da idonsu ya raunana, wa ke jan su? 'Ya'yansu. Ina ake ajiye zannuwan manyan alƙawura? A wani soro a tsakiyar karofi. Su wa ke tsaronsa? Dattawan sana'ar, mafi girma da daraja, wato waɗanda suka yi rini har suka ajiye aiki. A nan na tsaya cak, saboda waɗanda suka ajiye aiki su ne waɗanda suka rasa kore. Ma'ana masu gadin zannuwan su ne mutanen da ba za su taɓa ganin alamar saɓa alƙawari ba, masu iya gani kuma ba a yarda su shiga soron ba. Labarina ke nan, kuma daga cikin dokar ya fito da kansa. Yarinya ce 'yar jagorar mahaifinta, mace a sana'ar da ba a barin mata su taɓa ruwanta, ta raka shi cikin soron ta hango kore a gefen zanen da ya ɗaure birninsu da garin gishiri shekara da shekaru. Ta ga abin da zai jawo yaƙi, ba kuwa wanda zai yarda da shaidarta.

Sai taswira. Da zango na auna ta, wato tafiyar yini guda ta ayari, domin mutanen ciki ba su san kilomita ba. A nan wani dattijo mutumin Azbin da ke gadi a layinmu ya yi min rana. Da ƙuruciyarsa ya bi ayarin gishiri daga wajen Agadas zuwa Bilma, ta Fashi, suna ratsa Tenere. Ni da yayana muka riƙa zama wurinsa da yamma yana dafa shayi. Shi ya gaya min cewa a wannan hanya raƙumi abincinsa yake ɗauka, damman ciyawa ake ɗaura masa, ana ajiye wasu a hanya saboda dawowa, domin babu abin da zai ci a tsakani. Gero suke kaiwa su musanya da kantun gishiri da dabino. Ya ce madugu da taurari yake tafiya, kuma ba a sauke kaya don cin abinci, ana tafe ake dama gari a miƙa wa juna. Wannan magana ta gero ita ta ba ni dalilin alƙawarin da ke tsakanin garuruwana biyu. Tafkin Fari yana da gishiri ba ya da hatsi, Birnin Makuba yana da hatsi da tufafi ba ya da gishiri. Kowa na riƙe da wuyan kowa. In fari ya faɗa wa Makuba shekara biyu a jere, me sarki zai yi da geron da ya yi alƙawarin aikawa? Zai rage mudu a ɓoye. Shi ke nan zane ya fara kore, ba tare da na ƙirƙiro wani mugu mai jajayen idanu ba.

Na ba abinci muhimmanci ƙwarai. Ina son ƙasar ta yi ɗanɗanon zamanin Rumfa, don haka na cire duk abin da daga baya ya shigo mana daga nahiyar Amurka: masara, rogo, gyaɗa, tumatir, barkono. Abin da ya rage ya isa a yi biki: gero da dawa da wake da gurjiya, kuka da kuɓewa da daddawa, yajin kuwa masoro da citta da kimba. Babu shayi, babu bindiga. Kuɗinsu ƙyallen saƙi ne, kamar yadda aka taɓa ciniki da gabaga a Borno, sai dai nasu rinanne ne, kuma darajarsa na bin duhunsa. Wannan ya sa marina suka zama masu riƙe da alƙawari da kuɗi a lokaci guda, ya kuma bayyana dalilin da ya sa sarki ke shakkar su.

Yaƙin ma doka na sa masa. Ba a fita sai bayan kaka, an kai amfani rumbu, hanya ta bushe, mazan da ke gona sun sami sarari. Kayan yaƙin na gidan tarihi na Gidan Makama na je na kalla, sulke da kwalkwali da sauransu, kuma Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da sulke da hular ƙarfe. Lifidi auduga ce aka cusa aka ɗinke, yana tare kibiya amma yana da nauyi da zafi, kuma yana tsoron wuta. Duk wanda ya san haka ya san yadda za a karya rundunar 'yan lifidi, kuma haka aka yi a babi na goma sha shida. Ganuwar Makuba na zagaye ta da gonaki da kududdufai a ciki, irin yadda ganuwar Kano ta ƙunshi fili mai yawa domin gari ya iya ciyar da kansa in an kewaye shi.

Sunaye ba su ba ni wahala ba. Na koma ga irin waɗanda kakanninmu ke sawa bisa yanayin haihuwa: Tanko, Kande, Cindo, Nomau, Shekarau. Jarumata Marka, saboda tsakiyar damina aka haife ta, mahaifinta Tunau. Sarautu kuwa na bar Galadima da Madaki da Magajiya yadda suke, na ƙara guda biyu na marina.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi a zuciyata, kuma duk Bahaushe mai son rubuta irin wannan labari zai ci karo da shi: maganar addini. Ni Musulma ce, masu karatuna Musulmi ne mafi yawa, ba na son in rubuta abin da zai ƙawata sihiri ko ya ƙago abin bauta. Na sami malaminmu na Islamiyya bayan an tashi, na zayyana masa komai.

"Allah gafarta Malam, ina tsoron kada in shiga hurumin da ba nawa ba."

Ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni ko akwai wanda zai karanta ya ɗauka gaske ne ya tafi marina neman a rina masa alƙawari. Na ce babu. Ya ce, "To tatsuniya kowa ya san tatsuniya ce. Ki kiyaye min abu biyu. Kada ki sa aya ko sunan Allah a cikin surkullen da kika ƙaga, kuma kada ki nuna ana roƙon wani abin halitta yana biyan buƙata." A kan haka na tsaya. Rinin alƙawari a ƙasata sana'a ce da ake gado ana koya, irin ta ƙira ko jima, ba a kiran kowa, ba a yanka wa kowa. Na san akwai marubutan da suka zaɓi wata hanya, wasu suna sa jarumi Musulmi ya zo ya rushe tsafi a ƙarshe. Ni wannan ce ta ba ni natsuwar rubutu.

Lokacin da na fara ainihin labarin, littafin bangon kwalin ya kusa cika, amma kashi ɗaya cikin goma ne kawai ya shiga. Jerin sarakunan Makuba na nan a rubuce, babu wanda ya taɓa ganin sa. Na ƙi buɗe babin farko da tarihi ko bayanin doka, domin mai karatu a waya in bai kamu a layi biyar ba ya wuce. Ga yadda na buɗe: "Marka ta san ja ya bar idon babanta tun daren da ya miƙa hannu cikin murhu ya ɗauki garwashi, a zatonsa gawayi ne. Bai yi ƙara ba. Ya ajiye shi a hankali, ya ce kada ta gaya wa innarta." Daga nan mai karatu zai tambayi dalili da kansa, ni kuma in riƙa ba shi amsa kaɗan-kaɗan ta bakin masu ciniki da masu gulma a bakin rijiya. A waya na buga shi duka, da allon rubutun da ke da ƙ da ɗ da ɓ, saboda ba na son a karanta min ƙasa a matsayin kasa.

Neman masu karatu wani aiki ne daban, kuma ya fi ginin ƙasar cin rai. Kasuwar littafin Hausa yanzu ta koma waya. Abin da aka fara a shagunan Kano a shekarun 1980 ya koma zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad da ArewaBooks, kuma mata ne suka fi riƙe da shi, da labaran soyayya da zaman aure da kishi. Ban taɓa raina su ba. Su suka koya wa dubban mata biyan kuɗi don karatu, da ba su share hanyar ba da ban sami inda zan taka ba. Na tura babin farko wasu zauruka, shiru. A wani wurin an sa min alamar babban yatsa an wuce. Wata babbar marubuciya mai kula da wani zaure ta kira ni, cikin kyautatawa ta ce, "Ƙanwata, alƙalaminki na da kyau, amma matan nan soyayya suke jira. Ki ba yarinyar saurayi tun shafin farko."

"Anti, na gode ƙwarai. Saurayin na nan tafe, amma sai sun isa garin gishiri."

"To Allah ya sa su jira ki."

Yawancinsu ba su jira ba. A ɓangaren maza masu son littafin yaƙi kuma, wasu da sun ga sunan mace sai su ɗauka soyayya ce aka sa wa takobi. Na zauna tsakanin kasuwa biyu, kowacce na ganin kayana na ɗayar ne.

Abin da ya buɗe ƙofa tambaya ce. Maimakon babi, sai na ɗora hoton taswirar da na zana da biro a Facebook, na rubuta dokar marina a layi uku, na ce: in kai ne, wane launi za ka fara bayarwa? Nan mutane suka yi ta magana. Wani tela ya ce shi ko ɗaya ba zai iya bayarwa ba, sana'arsa ta mutu ke nan. Wani manomi daga wajen Gaya ya ce a ɗauki komai a bar masa kore, don da shi yake gane shukar da ke jin yunwa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ja ne ba za ta saki ba. Waɗanda suka amsa wannan tambaya su na gayyata cikin zauren da na buɗe, kuma ba su da yawa, za a iya zaunar da su a tabarma uku. Na yi musu alƙawarin babi duk daren Juma'a bayan isha'i, na kuma riƙe shi ko da jarrabawa ko da rashin wuta. Ina rubuta littafi a kan alƙawari, ba zai yiwu in saɓa nawa ba.

Mataki na biyu murya ce. Bahaushe ya saba sauraron littafi, gidajen rediyo sun daɗe suna karanta su, yanzu kuma YouTube ya cika da masu karantawa. Yayana ya ce abokansa teloli da masu adaidaita sahu ba za su zauna karatu ba, hannunsu na aiki, amma kunnensu a sake yake. Sai na fara naɗar kowane babi da muryata, cikin dare bayan maƙwabta sun kashe janareto, ina tura shi tare da rubutun. Wannan ya ninka jama'ata. Saƙonni suka fara zuwa daga Maraɗi da Damagaram, daga zangon Kumasi, inda da yawa ke jin Hausa ras amma ba su saba karanta ta a boko ba, har da 'yan uwa mazauna Sudan da Saudiyya.

Cikin masu sauraron akwai wani bawan Allah makaho, magidanci, wanda ya aiko min da saƙon murya mai tsawo tun Tunau na da sauran launi biyu. Ya ce, "Malama, na ga inda kika dosa, mutumin nan zai rasa ido gaba ɗaya. In kin kai wurin, kada ki zaunar da shi a ɗaki yana kuka." Ya bayyana min yadda yake gane shadda mai kyau da ɗan yatsa da kuma ƙarar da take yi in an murza ta, da yadda yake sanin ya iso kwanar gidansu daga yadda sautin takunsa ke dawowa daga katanga. Da na kai wurin, Tunau ya koma mabuga, inda ake bugun rinannen zane da shuni har ya yi ƙyalli, ya zama shi ke gane zanen da ya bugu daga amon dukan. Babin da aka fi aiko min da magana a kansa ke nan, kuma na ambaci taimakon wannan bawan Allah a farkon naɗin, da izininsa.

Maganar kuɗi na bi yadda ake yi. Babi goma na farko kyauta, mai son ci gaba ya biya naira 500 ya turo shaidar biya a sa shi a zauren masu biya. Mutanen Nijar dala ɗari ta kuɗin sefa suke turowa ta kamfanin aika kuɗi na Nita, wasu katin waya. Kuɗin bai kai a kira shi albashi ba, amma ya ɗauke min data, ya sayo min ƙaramin makirfo, ya kuma biya wata ɗalibar zane da ta sake zana taswirar da kyau. Sai ɓarayin littafi. Ba a yi nisa ba wani ya tattara babukan da aka biya ya haɗa su fayil guda, ya goge sunana, ya watsa. Wata tasha kuma ta karanta shi tana cin kuɗin talla ba ta ko gaishe ni ba. Abin ya yi min ciwo sosai, don na san daren da na raba ina rubuta kowane layi. Masu karatuna ne suka gano, su suka bi zauruka suna faɗin sunan mai littafi, suka kai ƙorafi har aka sauke karatun. Tun daga nan nake saka sunana a tsakiyar kowane babi, a rubuce da kuma a murya, inda ba a cire shi cikin sauƙi.

Abin da na fi so a duk harkar shi ne daren Asabar, lokacin da zaure ke ɗaukar zafi. Wata malamar makaranta daga Damagaram ta tambaya: in zanen alƙawari ya ƙone fa? Na buɗe littafin bangon kwali na ba ta amsa, alƙawarin ya warware, shi ya sa hukuncin kai wuta soron marina kisa ne. Wani ɗalibin likitanci ya kawo wadda ta fi: akwai mutanen da ake haifa ba sa bambance ja da kore, kuma maza sun fi yawa a cikinsu, to irin wannan yaro in an haife shi a gidan marina me zai zama? Wannan ba ta cikin littafina. Na ce ya ba ni mako guda. Na dawo da cewa irin waɗannan yara ana ɗaukar su tamkar an haife su dattawa, tun suna ƙanana ake shigar da su soron, su ne ma'ajiya na gaske. Daga tambayarsa aka sami mutumin da zai zama babban abokin hamayyar Marka, yaro mai jin cewa an zaɓe shi tun daga ciki, ga kuma wata 'yar jagora tana cewa ta ga abin da shi ba zai taɓa gani ba. Yanzu akwai masu goyon bayansa a zauren, suna kare shi da hujja, har sai na shiga tsakani.

Littafi na ɗaya ya kammala a babi talatin da biyu. Masu karatu suna neman a buga shi a takarda, ni ma ina so, musamman saboda taswirar, amma takarda ta yi tsada, don haka na buɗe rajista: sai adadin masu biya tun kafin bugu ya rufe kuɗin maɗaba'a sannan zan kai. Kwafi biyu na farko na riga na san masu su, dattijon marina da dattijon Azbin, kuma yayana ya ɗauki nauyin karanta musu. A yanzu ina tattara bayanin yadda ake haƙa ramukan gishiri a bar rana ta ƙafar da ruwan, da yadda ake zuba shi a kututturen dabino a fitar da kantu, saboda littafi na biyu gaba ɗaya a Tafkin Fari zai gudana, a ga rikicin ta idon waɗanda aka rage wa mudu. Babin farko zai fita Juma'ar farko bayan ƙaramar salla, kuma zai buɗe da isowar ayarin Makuba ɗauke da rabin geron da aka yi alƙawari.